Bangon Ɗakin Baya

Tsagar bango iri biyu ce, kowane magini ya san wannan. Akwai matacciya, wadda ta yi ɓarnarta ta tsaya, sai ka cusa mata siminti ka wuce. Akwai mai rai, wadda ke tafiya a hankali kamar ciwon da aka ɓoye wa likita. Wadda Magini, mutumin da aka ɗauka aikin gyara, ya tarar a ɗakin baya na wani gidan gwanjo mai rai ce, kuma tun kallon farko jikinsa ya ba shi.

Gidan na wani mai sayar da tayoyin mota ne, kowa Mai Taya yake ce masa. A zauren gwanjo ya saye shi, bai taɓa taka cikinsa ba, hoto kawai ya gani ya ɗaga hannu. Sai masu shirin talabijin ɗin nan da ke bin mutanen da suka sayi gidajen gwanjo suka biyo shi. Kowa ya san shirin. A nuna maka ana buga guduma a kan tebur, a nuna gida kango, mai gabatarwa tana toshe hanci tana tsallake kashin tantabaru, sai a saki kiɗa a rubuta "bayan mako uku", gida ya fito fes kamar ba shi ba. Daga nan dillalai biyu su zagaya su faɗi yadda zai yi a kasuwa. Abin da ba a gaya wa mai kallo shi ne, mako ukun nan ba gidan ne ya yanke shi ba. Motar masu kyamara ce ta yanke. Tana da wasu gidajen a wasu garuruwa, ranar da ta ce za ta dawo ita ce rana, ko siminti ya bushe ko bai bushe ba.

Magini ya shekara ashirin da bakwai da cokalin gini a hannu. Bai wuce aji huɗu a makaranta ba, amma in ya ja igiya ya jera bulo, ko mai neman faɗa bai samun abin faɗa. Mutum ne mai taurin kai, gaisuwarsa gajera, dariyarsa ta fi gaisuwar gajarta. Ranar farko Darakta, mai ba da umarni a shirin, wani siriri mai wando da aljihu goma, ya ƙare masa kallo ta tsakanin yatsunsa ya ce, "Fuskar nan za ta yi. Injiniya, tsaya nan kusa da ƙofa."

Ba a taɓa ce masa injiniya ba. Ya haɗe rai kamar an zage shi. Amma da ya koma gida sai ga shi yana ba matarsa labari, wai don ya nuna mata shirmen 'yan talabijin. Sau biyu ya maimaita kalmar. Kafin gari ya waye layinsu kaf an ji za a nuna baban yara a talabijin.

A kwana na takwas ya kankare tsohuwar filastar ɗakin baya. Tsagar ta taso daga kusurwar taga, ta karkato ta gangara har ƙasa, a wani wurin gefen hannunsa yana shiga. Ya kwaɓa ɗan siminti ya manna a bakinta kamar an liƙa wa ciwo filasta, ya bar shi. In matacciya ce, mannin zai zauna lafiya. Bayan kwana uku ya dawo ya tarar ya rabe biyu. Ya ɗauki rodi ya zagaya bayan gidan ya caka a gindin bangon, rodin ya shige sululu har rabinsa. Tsohon ramin ruwan wanka ne aka cike da shara aka ɗora kusurwar ɗaki a kai. Wanda ya yi ginin ko ya mutu ko yana wani wuri yana cin abincinsa hankali kwance.

Ya kira Mai Taya ya nuna masa.

"Mako nawa?" in ji Mai Taya.

"Biyar. A tokare rufi, a tone ramin, a zuba kankare, a sake ɗago kusurwar. In ruwa bai sauko ba ke nan."

"Saura kwana goma su dawo."

"Bangon bai san da zuwansu ba."

Mai Taya ya yi dariya, ya tsuguna ya leƙa tsagar da ido ɗaya kamar mai duba taya ko ta yi faci. "Shekara nawa ginin nan yana tsaye?"

"Zai yi talatin."

"To ka gani. Abin da ya tsaya shekara talatin, don ka kankare masa fata yau ba zai faɗi gobe ba. Rufe shi."

"Ba na irin wannan aikin."

"Malam, ni ba kwana zan yi a ciki ba, kai ma haka. Sayarwa zan yi." Ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. "Ba na tilasta kowa. In ba za ka iya ba akwai wanda zai iya, sai dai shi za a nuna ranar ƙarshe. A yanke hotonka da aka ɗauka ranar farko, ba wuya gare su."

Magini ya tattara kayan aikinsa a buhu ya saɓa a kafaɗa, da niyyar ya tafi ke nan. Ya isa gida ya tarar matarsa ta wanke masa shuɗiyar rigarsa ta goge, ta rataye a ƙusa an lulluɓe ta da leda.

"Ta ranar ɗaukar shirin ce," ta ce. "Kada ka je mana da wannan mai kama da tsumman goge mota. Matar mai gyaran rediyo sau uku tana tambayata wace rana za a nuna, ina jin baƙin ciki ne zai kashe ta."

Ya buɗe baki zai ce ya bar aikin. Sai ya ce, "Akwai ruwan wanka?"

Ba yunwa ce ta mayar da shi ba, wannan dai a faɗi gaskiya. Yana da wani aikin katanga da ke jiransa. Riga ce a leda da kalma guda ta bakin wani siririn mutum suka mayar da shi.

Washegari ya tura leburorinsa uku gaban gida, ya ce su yi ta kwasar ɓaraguzai. Ya shiga ɗakin baya ya tura ƙofa ya tokare da bulo. Ya jiƙa takardun buhun siminti ya murɗe su ya dinga cusawa a tsagar da bakin cokali har ta cika. Ya buga ragar waya a kai da ƙusoshi, don ko bangon ya motsa filastar ta riƙe kanta na ɗan lokaci. Sannan ya yi shafe. Tun da yake bai taɓa yin filasta mai kyau kamar ta ranar ba. Ya bi ta da katako, ya bi ta da soso, har sai da ta yi sumul kamar tafin jariri. Ta waje ma haka ya yi, ya zuba ƙasa a bakin ramin ya daddale. Mai fenti ya zo ya shafa fenti mai ruwan madara, ya ce, "Oga, wannan bangon ko madubi."

Magini ya tattara kayansa ya fita.

Ranar ɗauka aka cika gidan da fitilu da wayoyi. An kawo aron kujeru da gado da tukunyar fure, har da kwanon lemo a kan tebur, lemon kuwa na roba. Mai gabatarwa ta sa hular kwano mai ruwan ɗorawa wadda ƙura ba ta taɓa hawa ba. Aka zo ɗakin baya, Darakta ya ce, "Injiniya, ina son ka ƙwanƙwasa bango sau uku da ƙotar cokalinka, ka kalli kyamara ka faɗi wata magana mai nauyi. Masu kallo suna son wannan."

Magini ya nufi bangon gefen ƙofa, wanda ya san lafiyarsa lau.

"A'a, can haske bai da kyau. Dawo nan kusa da taga."

"Nan ma bango ne."

"Na sani. Amma can inuwa ta cinye maka rabin fuska. Kusa da taga."

Mutum goma sha suna kallonsa, Mai Taya yana bakin ƙofa ya harɗe hannu. Ya matsa kusa da taga ya ƙwanƙwasa. Bango mai lafiya in ka buge shi ƙarar a nan take mutuwa, dim, kamar ka bugi ƙasa. Wannan kuwa ya amsa masa kamar an bugi tulun da ba ruwa. Ya ɗaga ido yana jiran wani ya ce wani abu. Mai riƙe da sandar ɗaukar magana ya ɗaga babban yatsa.

"Ƙarar ta fito da kyau," ya ce.

Babu wanda ya taɓa riƙe cokali a cikinsu. Sau biyar aka maimaita, don mai gabatarwa tana ta mance inda za ta tsaya. Sau biyar yana bugun tulu yana cewa, "Wannan bangon, jikokinku ma za su same shi."

Aka yi wata biyu da 'yan kwanaki kafin a nuna. A tsakanin nan ya kusa shawo kan zuciyarsa. Ya ce wa kansa gidan zai faɗa hannun wani mai kuɗi ne da zai rushe ya yi bene. Ya ce kuma ai shekara talatin ba kwana talatin ba ce. Ya daina bin titin gidan, shi ke nan.

Ran Lahadi da yamma matarsa ta sa aka fito da talabijin tsakar gida aka ɗora a kan tebur. Maƙwabta suka cika wurin, wasu a benci wasu a tsaye. Ƙanwarsa tela ta rufe shago da wuri ta zo da 'ya'yanta mata uku da mijinta, direban motar 'yan makaranta, mutum mai sanyin hali da ba ya zama sai Magini ya zauna. Su ne suka biya suka ɗauko Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyarsu ne, shi ya koya wa Magini gini tun yana ɗaukar kwanon siminti a ka. Yanzu idanunsa sun yi hazo, ba ya gane mutum sai ya yi magana. Aka ba shi kujera a gaba.

"Don me za a ba makaho gaba?" ya ce. "Ku dai ƙara murya in ji ko yaron nan ya iya magana. Da can sai an mare shi yake cewa na'am."

Aka yi dariya. Shirin ya fara. Da Magini ya fito cikin shuɗiyar riga yara suka yi ta tsalle, matarsa tana zungurin matar mai gyaran rediyo da gwiwar hannu. An rubuta "injiniyan gini" a ƙasan fuskarsa. Shi kuwa yana can baya a tsaye jikin ƙofar kicin, yana fatan wuta ta ɗauke. Wutar da kullum sai ta ɗauke, ranar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Aka zo ɗakin baya. Ƙwanƙwasa uku, an ƙara musu ƙarfi har sun fi yadda ya ji su a ranar.

Tsakar gida ta ɗauki tafi. Kawu bai tafa ba. Ya karkata kai gefe kamar kaza ta ji motsi.

"Wa ya buga wannan?"

"Ɗanka ne mana, Kawu," in ji ƙanwar. "Ba ka ji abin da ya ce ba?"

"Na ji," in ji Kawu. "A ba ni ruwa."

Da shirin ya ƙare ana ta miƙo wa Magini hannu, sai ƙanwar ta tashi ta gyara mayafi, tana murmushi irin na wadda ta daɗe da riƙe magana a baki.

"Yaya, ina da albishir, na bari sai yau ne. Gidan nan da aka nuna, mu za mu saya."

Ya ji kamar an zare masa tsani yana kan bene.

"Shekara goma sha tara muna haya," ta ci gaba. "Duk gidan da muka duba, baban su sai ya ce bari a kira Yaya ya duba mana bango. Wannan kuwa ba sai an kira ka ba, hannunka ne. Mun je mun gani, mun gama magana da Mai Taya, saura sa hannu. Ɗakin bayan nan na yaran ne, har sun fara faɗa a kan wa za ta kwana kusa da taga."

"Ni ce babba," in ji babbar.

Direban ya kama hannun Magini da hannu biyu ya ɗan rusuna. "Yaya, ko ido rufe na saya."

Me zai ce? Mutum talatin a tsakar gidansa, matarsa tana raba lemo, sunansa bai gama hucewa a talabijin ba. Ya ce, "Allah ya sa alheri." Ko yaushe za a sa hannun bai tambaya ba.

Da aka fara watsewa Kawu ya ce, "Kai, zo ka raka ni mota. Ban yarda da direban nan ba, a rami zai jefa ni."

Suka fito waje, tsohon yana riƙe da damtsensa. Da suka yi nisa da ƙofa ya tsaya.

"Me ka cusa?"

Magini ya kawar da kai.

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Me ka cusa?"

"Takardar siminti."

"Da raga a sama."

"Eh."

"Mai rai ce?"

"Mai rai ce. Akwai rami a ƙasa."

Kawu ya gyaɗa kai a hankali. "Na san dai aikin zai yi kyau a ido. Kai ba ka iya ƙazamin aiki ba, ko ha'inci za ka yi sai ka yi shi da tsafta." Ya saki damtsen ya laluba sandarsa. "Ba ni kaɗai ke da kunne a garin nan ba, ka sani. Duk wanda ya taɓa cin abinci da cokalin gini ya ji abin da na ji. Ni ba zan gaya mata ba. Ba ni na buga ba."

"Zan gaya mata."

"Yaushe?"

"Gobe."

"To," in ji Kawu. "Gobe ta Allah ce, amma ramin naka ne."

Ran Litinin da hantsi ya je shagon ƙanwar. Ɗan shago ne mai keke biyu, yadi a jibge har rufi, ƙyallaye a ƙasa. Ya shirya maganarsa tun a hanya. Yana shiga ya tarar da mata huɗu masu jiran ɗinki, ɗaya ta nuna shi da baki ta ce, "Ba wannan ne na jiya ba?"

"Shi ne," in ji ƙanwar. "Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya."

Aka share masa kujera, aka sayo masa ruwan sanyi. Wata ta ce katangarta ta karkace, ko zai zo ya duba, tunda yanzu samun na gaskiya sai an tona. Ya zauna da kwalba a hannu yana jiran su tafi, ba su tafi ba. Ƙarshe ya ce, "Unguwar nan fa akwai sauro."

"Inda muke yanzu kwarkwasa suke yi mana?"

"Ruwan famfo ma ba kullum ba."

"Akwai rijiya a gidan maƙwabta, na tambaya."

"Ta yi wa yaran nisa da makaranta."

"Ubansu ne direban motar, Yaya." Ta cire allura daga baki ta dube shi tana dariya. "Kai dai faɗi gaskiya, ba ka son in yi kusa da kai in dinga aiko yara karɓar gishiri. Ko matarka ce ta aiko ka?"

Matan suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi wani abu mai kama da ita. Ya ce wa kansa ba a irin wannan magana a gaban baƙi, ya miƙe ya ce zai dawo.

Ran Talata bai koma shagon ba. Ya tafi wurin aikin katanga, ya ce bari ya fara kiran Mai Taya ya roƙe shi ya fasa sayar mata, ya ce an samu wanda ya fi ta tayi. Ta haka ba sai kowa ya ji komai ba. Sau shida ya kira, ba a ɗauka ba. Da rana ya bi ta inda magina ke zama jiran aiki a gindin wata bishiya. Suka gaishe shi yadda suka saba, ba wanda ya ce uffan a kan talabijin, abin da ya fi zagi ciwo. Ya ɗan wuce ke nan sai wani daga baya ya ƙwanƙwasa wata tsohuwar durom da ba komai a ciki, sau uku, a hankali. Ba wanda ya yi dariya. Bai waiwaya ba, amma ƙeyarsa sai da ta yi zafi har ya sha kwana.

Ran Laraba aka yi ruwa tun azahar. Da ya tsagaita ya kasa zama, ya bi ta lungun bayan gidan gwanjon. Ƙasar da ya daddale a bakin ramin ta lotsa, ruwa ya kwanta a wurin. A jikin sabon fentin, daga kusurwar taga, ga wani siririn layi kamar gashi ɗaya ya manne. Ya sa farce ya bi shi. Ba gashi ba ne.

Ran Alhamis tun kafin ta gama share shago ya iso. Ba kowa sai ita. Ta shimfiɗa wani yadi mai furanni shuɗi a kan tebur tana aunawa.

"Labulen ɗakin yaran ne," ta ce. "Ka ga ya dace da fentin?"

"Ajiye almakashin nan."

Ta dube shi, ta ajiye.

Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakiyar shagon yana kallon ƙyallayen ƙasa, ya faɗa mata tun daga kwana na takwas. Bai sa Mai Taya a gaba ba, bai sa Darakta ba. Ya ce akwai tsaga mai rai, akwai rami a ƙarƙashi, shi da hannunsa ya cusa takarda ya rufe, ya tokare ƙofa don kada leburori su gani. Ya ce bangon zai iya kai shekara biyu, zai iya kai damina ɗaya, ba wanda ya sani, kuma in zai faɗi ta wajen taga zai faɗo. Ya ce kada ta saya.

Ta ɗauki tef ɗin awo ta naɗe shi a yatsa, ta warware.

"Tun ran Lahadi ka san ɗakin yaran ne."

"Na sani."

"Ran Litinin ka zo nan ka zauna a kujerar can, ka sha ruwa, kana yi mini zancen sauro."

"Akwai mutane."

"Akwai mutane," ta maimaita. Ta jawo aljihun keken ɗinki ta fito da makullai uku a zare ɗaya ta ajiye a kan yadin. "Ran Talata da safe muka sa hannu. Har takardar da ta ce mun duba mun karɓa a yadda yake. Lauyan ya tambaya ko za mu kawo wanda zai duba mana, baban su ya ce surukinsa ne ya yi aikin."

Magini ya kalli makullan. Da ta ɗaga murya, da ta jefe shi da almakashi, da ya fi masa sauƙi. Ya tuna tana 'yar shekara shida yana goya ta a wuya su tsallake kwata. Bai san inda zai sa idonsa ba, sai ya sa a kan takalmansa, duk busasshen siminti.

"Da wasu ne suka saya fa?" ta ce. "Su ma da yara."



Ta ja numfashi ta ninke yadin gida huɗu. Tela ce, ta saba da yadin da aka yanka ba daidai ba, kuka ba ya mayar da shi.

"Yana gyaruwa?"

"Yana gyaruwa. Mako biyar, shida in ruwa ya matsa. Komai a kaina, ba za ki sayi ko ƙusa ba."

"Wannan ba sai ka faɗa ba. Mun riga mun gaya wa mai gidan haya ƙarshen wata za mu tashi, har ya ba wani. Ni da baban su za mu zauna a ɗakin gaba. Yaran kuwa a gidanka za su zauna har ka gama, kai za ka yi wa matarka bayanin dalili. Kuma ba za ka kafa buhu ka kare wurin ba. A buɗe za ka tone shi, duk mai wucewa ya gani."

"Na ji."

"Kawu zai zo ya zauna a kujera yana saurare. In ya ce bai yi ba, bai yi ba."

"Na ji."

"Saura ɗaya." Ta kalli agogon bango. "Yanzu zai dawo daga kai yara, nan yake biyowa ya sha shayi. Ni ba zan gaya masa ba. Mutumin nan shekara goma sha tara bai taɓa zama kana tsaye ba. Da bakinka za ka gaya masa."

Ta zauna a keke ta jawo wata rigar mutane ta fara ɗinki, ba ta ƙara kallonsa ba.

Magini ya fita ya tsaya a bakin shagon. Rana ta fara zafi, titi ya cika da masu tafiya aiki. Wani mai babur ya rage gudu ya ɗaga masa hannu, ya yi kamar bai gani ba. Can sai ga doguwar motar makarantar ta sha kwana, ba kowa a ciki sai direba. Ya faka, ya hango shi tun daga nesa, fuskarsa ta washe. Ya sauko da sauri yana goge hannu a wando don ya gaisa.

"Yaya, kai ne da sassafe? Ka shigo mana, a tsaye a rana?"

"Bar shayin tukuna," in ji Magini. "Zauna a nan kan dakali. Ni zan tsaya."